Goran da Malam Garba ya raina

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sale, wanda Haɗeja ta sani da mai lilo. Kowace Sallah yakan kafa lilo a filinmu na bakin fadama, yara su cika wurin kwana uku, rana ta huɗu ko akuya ba ta leƙowa. Abin ya dame shi. Yakan ce lilo iri ɗaya ne a ko'ina, wanda ya hau na Kano babu abin da zai kawo shi nan. Abin da ke jawo baƙo, in ji shi, wuri ne da aka gina kan labari guda, tun daga ƙofa har abincin da ake sayarwa.

Sai ya zaɓi kogi. Ya haƙa tafki, ya jera kwale-kwale da taru, ya sa ana suyar kifi, ya sayo manyan gorunan da masunta ke kifa ciki a kansu su ratsa ruwa. Ya manta abu ɗaya: masu irin goran a ɗaka sun yi yawa a nan. Malam Garba, wani masunci daga Kirikasamma, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Sale, in biya in kalli abin da na baro a zaure?" Gari ya yi dariya, ni ma na taya su. Har Sale ya rasu wurin bai tsaya da ƙafarsa ba.

Bana wani ya nemi hayar filin, zai kawo lilo masu lantarki, amma sai an cike tafkin. Filin a hannuna yake yanzu, kuma na kusa yarda. Da Yaya na nan, ina jin zai yaba injunan, sannan ya tambaya wa zai hau su rana ta huɗu.

Ina cikin kwashe tarkace sai ga Malam Garba da jikokinsa. Ciyawar kacalla ta toshe ruwansu, ya daɗe da barin su, goransa ya fashe. Jikokin sun ƙi yarda cewa mutum na ƙetare ruwa a kan gora.

Malam Garba ya ce, "Hajiya, ko akwai sauran gora guda?"

Akwai. Ya tuɓe riga, ya kifa ciki, ya kai ƙarshen tafkin ya dawo yana haki. Na ji kunyar dariyar da na yi. Washegari na aika wa mai lilon lantarki cewa ba za a cike tafkin ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, da zai tafi, Malam Garba ya dakata a ƙofar nan ya tambaye ni nawa ake biya.