Igiyar Kawu Ɗanladi da Kibiyoyi Biyu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Ɗanladi magini, ƙanen mahaifiyata. Duk sa'ad da na tuna shi, hankalina yakan koma wata safiyar Talata, ƙarfe goma da kwata, lokacin da malamin Fiziks ya miƙo mini takardata da jan sifili. Ina aji huɗu a sakandare. Ya ce duk wadda ta sake faɗuwa gwajin mako mai zuwa za ta bar ajin kimiyya.

Tambayar ba ta da tsawo. Ƙarfi biyu suna jan abu ɗaya, na farko awo uku zuwa gabas, na biyu awo huɗu zuwa arewa. A zana kowanne da kibiya, a nemo jimlarsu. Na fere fensir, na ja kibiyoyina tsaf da rula, na rubuta bakwai. Amsar kuwa biyar ce. Kunya ta hana ni ɗaga hannu in tambayi dalili.

Da yamma Kawu ya tarar da ni a zauren gidanmu na Ƙofar Gayan, ina share takarda har ta kusa hujewa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

"Uwata, wa ya taɓa ki? Ko fensir ɗin ne ya yi miki rashin kunya?"

Bai yi boko ba, amma na karanta masa tambayar. Ya ciro igiyar da yake fitar da kusurwar ɗaki da ita, ya kafa turke a tsakar gida. Ya sa na yi taku uku gabas. "Kar ki dawo. Daga inda kika tsaya, yi huɗu arewa." Sai ya miƙe igiyar daga turken zuwa ƙafata, na auna ta da takuna. Biyar. Nan na gane cewa gindin kibiya ta biyu a kan tsinin ta farko ake ɗora shi, sannan a ja layi daga mafari zuwa ƙarshe. Ashe da wannan awon ya daɗe yana daidaita kusurwar ɗakunan mutane. Na ci gwajin, na zauna a ajina.

Yau ina shekarar ƙarshe a jami'a. 'Yan ajinmu kalkuleta suke dannawa, amsa ta fito kafin a fere fensir. Da a ce Kawu ya ga haka, ina jin da sai ya juya na'urar a tafin hannunsa, ya yaba, sannan ya nemi a nuna masa a ƙasa. Unguwarmu ma ta canza. Bulo ya maye gurbin yawancin katangun da Kawu ya ɗora, sai zaurenmu da har yanzu bai tsage ba. Igiyar tana wurin mahaifiyata, ni kuma har gobe sai na zana kafin in yarda da lissafi.

Abu ɗaya ya ci gaba da damuna bayan gwajin. A jinyarsa ta ƙarshe na kai masa kunu, na daure na tambaya.

"Kawu, uku da huɗu ai bakwai ne. Ina biyun suka tafi?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ba inda suka tafi, Uwata. Na sha ganin leburori biyu suna jan azara ɗaya. Kowa da gaske yake ja. Ba wuri ɗaya suka fuskanta ba ne kawai."