Zuwa Kakau gaishe da shamuwa

Na kai mutum biyu Kakau kallon tsuntsu, mun dawo lafiya. Ni direba ne. Kafin tuƙi na yi aikin masaƙa har ta mutu, na yi gadi, na ga rikici kala-kala. Ban taɓa ganin wanda ya yi shatar mota don ya kalli abin da ba zai ci ba sai ranar.

Makera

Mun tashi gari bai waye ba. Maƙwabciyata Mama Saratu, tsohuwar nas, ita ta ɗauke ni. Tun da ta yi ritaya take bin tsuntsaye. Ta ɗauki hoto, ta tura wa masana ta waya, su haɗa da na wasu su gane inda tsuntsu ke raguwa. Duk shekara takan gaya musu ranar da shamuwa ta sauka a kan wata tsamiya a wata gona a Kakau. Bana mai gonar ya sayar wa mai gawayi tsamiyar, da sheƙa a kai. Ranar za a sare ta.

"Bitrus, taka mana."

"Mama, mota ce, ba ta da fiffike."

Trikania

Muka ɗauki Oga Iliya, ɗan fansho. Ya fito da hular kaki, riga mai aljihu ko'ina, da madubin hangen nesa mai ƙafa uku. Muka ci ƙosai a tsaye. Ya yi min lacca a kan sauyin yanayi. Na ce to.

Shingen hanyar Abuja

Jami'i ya leƙo, ya ga ƙarfen.

"Wannan fa?"

"Na kallon tsuntsu ne," in ji Oga.

"Mutane na gudun daji, ku kuna shiga kallon tsuntsu?" Ya dube ni.

"Yallaɓai, ni tuƙi ne nawa."

"Wuce. Allah ya ba su lafiya."

Kakau

Muka tarar da Ayuba mai gawayi yana wasa gatari. Shamuwa na sama a kwance kan ƙwai. Mama ta roƙe shi. Ta yi maganar bincike, ta ce tsuntsun nan fara yake cinyewa a gona.

"Mama, binciken ne zai dafa min tuwo?"

Baba Yohanna mai gona ya ce shi ma da saukar shamuwa yake shuka, amma ciniki ya faɗa.

Oga ya ce to, a yi mata hoton ban kwana. Ya kafa ƙarfensa, ya rufe ido ɗaya, ya saita. Ayuba ya daina wasa gatari. Mutanen nan sun san abu mai ƙafa uku. Idan ya tsaya a gonarka, jan fenti na tafe, katafila na bayansa.

Ayuba ya matso kusa da ni. Direba ake tambaya gaskiya.

"Ɗan'uwa, masu awon fili ne?"

"Hoton nan daga nan sai ofis," na ce. "Da bishiyar, da duk wanda ke tsaye kusa da ita."

Ban yi ƙarya ba. Ya mayar da gatari bayansa, ya ja da baya har ya shige rogo. Baba Yohanna ya cire hula.

Mama ta buɗe baki: "A'a, ai mu ba..." Na danna odar mota ban ɗaga ba sai da ta shiga.

Komawa

Ta tura hoton, masanan suka yi godiya. Amma har gida tana yi min faɗa, wai ilimi take so ya ceci tsamiya, ba tsoro ba. Na ce ilimi ya gwada nasa ina kallo.

Yanzu ina Makera. Tsamiya na tsaye, ƙwai sun ƙyanƙyashe. Duk Asabar nake kai su. Baba Yohanna yana ce wa Oga "Injiniya", har ya ba mu zakara. Na gode masa. A duk binciken nan, shi kaɗai ne tsuntsun da na ci.