Ƙofar da Lokacinta Bai Yi Ba

Ana sallame asuba muka nufi tasha, ni da goyona da Iya, mahaifiyar maigidanmu. Maigida ya sami fili a bayan garin Haɗeja, kan tudu inda ambaliya ba ta kaiwa, amma ƙarfinsa ɗaki biyu ne kacal. Iya ta ce ba ta bin mu: ina ƙannensa za su kwana, ina za a zuba jikoki? Ni kuwa haihuwar fari, ko wankan yaron nan ba na yi sai tana tsaye a kaina. Shi ne aka ce mu je Malam Madori mu ga gidan ƙaninta.

Motar 'yan kasuwa muka samu, kwabo talatin, aka cusa mu tsakanin kwandunan bandar kifi daga Guri. Hanya duk gargada. Yaro ya yi barcinsa, ni ce na yi ta salati.

Da shigarmu gidan Kawu na bi ginin da kallo. Tubala sun yi cirko-cirko a gefen katanga kamar haƙora, ga wata tsaga a bangon ɗaki daidai inda aka shimfiɗa mana tabarma. Na suri ɗana na yi tsakar gida.

Kawu ya yi dariya. "'Yata, dawo. Ƙofa ce, lokacinta ne bai yi ba."

Ashe tun wajen gini ake ɗora azara, a toshe ƙasanta da tubali, a yi yaɓe sama-sama. Ran da yaro ya yi aure sai a ture, a ɗaura sabon ɗaki a jikin haƙoran nan. Da ɗaki biyu ya fara, yanzu bakwai ne. Na tsohuwarsa ma da ta rasu, toshe ƙofar ciki aka yi aka buɗe ta waje, tela ya shiga haya.

Ko tuwon shinkafar da aka kawo mana, Iya ba ta tsaya ci ba. Bango-bango ta bi tana ƙwanƙwasawa. Can ta ce da ni, "Ki gaya wa mijinki ƙofata ta dubi gabas. Kuma ɗakin a manne da naki, tunda har yau ba ki iya riƙon jariri ba."

Kafin magariba muna gida, zanena na ƙaurin kifi. Na koyo cewa ba sai gida ya ƙaru ake tarewa ba, hanya ake bar masa. Na sa maigida ya gaya wa magini ƙofa huɗu zai toshe mana. Iya ta ce biyar.