Yakuwar Sabi'u Ba Za Ta Mutu A Hannuna Ba

Shekara shida ke nan da rasuwar abokina Sabi'u, Allah ya jiƙansa da rahama. A wani asibiti a nan Guangzhou ya cika bayan gajeriyar jinya, a nan kuma muka binne shi. Bai bar min shago ba, bai bar min kadara ba. Abin da ya bar min shi ne bokitan fenti cike da ƙasa a saman benen da muke haya a unguwar Dengfeng, sai kwalbar gurguzu, wato 'ya'yan yakuwa. Bana saura ƙiris irin nan ya ƙare a hannuna, shi ya sa nake wannan rubutu raina a ɓace.

Tare muka fara zuwa saro kaya, ni riguna daga kasuwar Canaan, shi takalma. Ni ɗan birni ne, ko riƙon fartanya ban iya ba. Shi kuwa ɗan manoma ne daga wajen Kura, ya ce shi fa ba zai zauna a garin da ake shan taushe babu tsami ba. Da ya je gida ya dawo, sai ga shi da gurguzu a ƙulle a leda. Mahaifiyarsa Iya Hansai ce ta ɗebo masa daga yakuwar bayan ɗakinta.

Kalma ɗaya ce ta fara kayar da shi. Ya tambayi wani tafinta yaushe mutanen nan suke shuka, tafinta ya ce masa watan Maris, da bazara. Sabi'u da ya ji bazara sai ya tuna ta gida, rana tana ƙuna, ƙasa a bushe. Ya baza rabin irinsa a tabarma wai ya sha rana, rabi kuma ya yi binne a bokitai kamar yadda ake yi a ƙauyensu kafin ruwa ya sauka. Ashe bazararsu daban ce. Sanyi na janyewa sai iskar teku ta shigo da laima. Bango ya riƙa gumi, madubi ya rufe, daɓen ɗaki ya yi santsi kamar an zubar da miyar kuɓewa. Ka shanya riga ranar Juma'a, wata Juma'ar ta zagayo tana nan a jiƙe. Rana kuwa sai dai ka ji labarinta. Na tabarma ya yi fumfuna, na bokiti ya ruɓe, ɗan abin da ya maƙale a gindin ledar ne kawai ya tsira.

Kai, ya sha tsiya a wurinmu! A gidan cin abinci aka naɗa shi Sarkin Noman Guangzhou, ana faɗuwa ana gaishe shi. Ko a jikinsa. Cewa kawai ya yi, "Ku yi dariyarku. Wanda ya fi kowa dariya shi zai zo da babban kwano." Kuma wallahi haka aka yi, ni ne mai babban kwanon.

Daga nan ya koyi garin. Akwai wani Basine Musulmi mai gasa tsire a bakin layinmu, wurinsa Sabi'u ya riƙa karɓo tokar gawayi yana cakuɗa irin da ita kafin ya toshe kwalba. Ya kafa doka wadda har yau nake ji a kunnena: "Bala, a gida ruwa ake kallo a yi shuka. A nan bango za ka kalla. In bai daina gumi ba, kada ka taɓa min iri." Tsohuwa mai gidan, wadda muke kira Ayi, da farko hawa take yi tana ɗaga hannu tana "Meyo, meyo!", wai ba ta yarda ba, zai jawo mata yoyo. Ranar da ya miƙa mata kofin zoɓo mai sanyi, ita da kanta ta ba shi makullin ƙofar sama.

Yau da zai dawo, ban san ko zai gane Dengfeng ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka naɗa shi sarauta sun koma gida, daga can suke latsa waya kaya ya same su. Mai tsire ya tashi, an mai da wurinsa shagon kayan waya, toka ta yi wuyar samu. Sai na koma tara 'yan ƙulle-ƙullen nan da ake sakawa a kwalin takalmi don su shanye danshi, ina cusa su a kwalbar. Na san da ya gani sai ya yi tsaki ya ce aikin ɗan birni, daga baya kuma ya tambaye ni inda zai samo wasu.

Matsalar bana tun bara ta faro. Guguwa ta karya yawancin yakuwar kafin ta ƙosa, irin da na samu bai cika tafin hannu ba. Sannan laimar bana ta zo da taurin kai, ta ƙi tafiya. Fumfuna ta ci wani. Da rana ta leƙo na 'yan kwanaki, bango ya bushe, na ce alhamdulillahi na shuka rabin abin da ya rage. Sai laima ta juyo kamar ta yi mantuwa, duk ya ruɓe a ƙasa. Na tona da yatsa na ji wari, na zauna a bakin bokiti hawaye na zubo min.

Maƙwabcina Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi, ya hau ya same ni. Ya ce, "Alhaji Bala, wagga wahala ta mi ce? Mutanen nan ma suna noman ta. Latsa waya, gobe a kawo ma iri buhu guda." Gaskiya ya faɗa, suna noma ta, har shayi suke yi da ita. Amma ni ba yakuwa na rasa ba. Iya Hansai ta bi ɗanta shekara biyu bayansa, bayan ɗakin nata kuma an zuba bulo an yi shaguna. Irin nan babu shi a ko'ina a duniya sai a kwalbata. Kuma da na je gida bara, Safiya 'yar Sabi'u, wadda yanzu take koyarwa a makarantar firamare, ta ce min, "Baffa, in za ka dawo ka taho min da irin Abbana, zan shuka a tsakar gidanmu." Na ce mata to. Yanzu in sayo na kasuwa in miƙa wa marainiya in ce na ubanta ne? Allah ya kiyaye.

Na jira. Kullum in shafa bango da safe kamar mai duba zazzaɓin yaro. Da ya bushe na ƙi yarda da shi, na ƙara masa mako guda. Sannan na yi bismillah na zuba abin da ya rage kaf, ban bar ko ƙwaya a kwalba ba.

An sauke allon shagon Sabi'u tun tuni, lambar wayarsa wani ne yake ɗauka, sababbin zuwa ba su taɓa jin sunansa ba. Ban da bokitan, abin da ya rage nasa a garin nan shi ne makullin da Ayi ta ba shi, da dokarsa ta bango, da taurin kan nan nasa da na gada ba tare da na nema ba. Shekaranjiya na je kabarinsa na yi masa addu'a. Da na dawo na hau sama, sai ga 'ya'yan yakuwar sun fasa ƙasa, 'yan ƙanana, karansu ja. An ce wani ruwan mai iska yana tafe a makon nan. To ya zo mana. Ɗaya bayan ɗaya zan sauko da bokitan nan ɗakina, in ya so ni in kwana a baranda. Safiya, ki gyara wuri a tsakar gida.