Buhun da Aka Ɗora Mini a Ka

Bayan an rufe masaƙar da nake aiki a Kakuri, na samu aron wata 'yar gona a bayan Mahuta ina shuka masara. Wanda muka yi iyaka da shi wani dattijo ne ɗan ƙabilar Ibo, tsohon bakanike da idonsa ya yi rauni, ya koma noma. Ina ce masa Baba, yana ce mini Malam. Manoman wannan kwarin suna da ƙa'ida tun kafin zuwana: duk wanda ya samu takin gwamnati ba ya wucewa da shi gida. A bakin gona ake farke buhun, a auna wa kowa da mudu.

Wata damina aka ce manoma su taru a filin makaranta, za a raba taki. Ƙafar Baba ta kumbura, ya ce, "Malam, je ka wakilce mu. Kada ka tsaya gaishe-gaishen nan naka har a ƙare."

Na je da sassafe. An jera buhuna, an sha jawabai. Wani mai babbar riga ya yafito ni, aka ɗora mini buhu a ka, aka ce in yi murmushi, mai hoto ya ɗauka. Sai aka sauke, aka mayar da buhunan mota, wai a mazaɓu za a yi rabon gaske, za mu ji ta waya. Na faɗa wa Baba haka, ya ce mu jira.

Waya ba ta yi ƙara ba. Abin da ya fito shi ne fuskata a ƙaton allon talla a Sabon Tasha, buhu a kaina, haƙora waje.

Ranar da Baba ya gani, daga nesa ya ɗaga murya. "Malam, ka zama babban mutum o! Ina muduna?"

Dariya yake yi. Na sake yi masa bayani tun daga farko, har da rantsuwa, abin da ban saba ba. Ina jin rantsuwar ce ta ɓata lamarin. Ya ce, "To," ya sunkuya ya ci gaba da noma.

Na je ofishin aikin gona in ji su wa suka karɓa, ko in samu abin da zan nuna masa. Ma'aikacin ya ce an raba wa manoma. Na ce waɗanne? Ya ƙare mini kallo.

"Ba kai ne a allo ba?"

Gonata a gangare take, duk albarkar ƙasar da ruwa ya wanko daga tudu a cikinta take kwanciya. Masarata ta yi kore shar, ta Baba ta yi rawaya, ta tsumbure. Allah Ya yafe mini, har addu'a na yi tawa ma ta lalace, don lalacewarta kaɗai ce za ta shaida ban samu taki ba. Ba ta lalace ba.

Da kaka na cika buhu da masara na kai masa gida a Narayi. Ya fito yana dogara sanda, ya sa hannu ya murza ƙwayar.

"Taki ya yi albarka, Malam," in ji shi a hankali. Ya ce in mayar wa yara su ci.

Damina ta gaba bai zo gona ba. Da na je nemansa, masu gidan suka ce 'ya'yansa sun mayar da shi garinsu. Allon kuwa rana ta cinye rubutunsa, amma murmushin yana nan. Idan zan bi ta wurin a keke napep, gefen da ba zan gan shi ba nake zama.