Layin da Na Ja a Kan Ɗan Fari

Lokacin da nake digiri na biyu a fannin nazarin al'umma, na yi wata huɗu a wani ƙauye kusa da Bunkure ina bin gidajen manoman rani. Aikina zana dangantaka ne a takarda. Malaminmu ya koya mana ƙa'ida: namiji a yi masa alama mai kusurwa uku, mace a yi mata zagaye, wanda ya rasu kuma a soke alamarsa da layi. A lokacin ji nake ba wanda ya kai ni iya wannan aiki, ni 'yar birni mai jaka da biro kala uku.

Akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Inna, kullum za ka same ta a tsakar gida tana yanka tumatir na kauɗa, wanda ake shanyawa ya bushe. Ta ce mini haihuwarta bakwai. Ta lissafo shida da sunayensu, har da inda kowa ke aure ko noma. Da na ce, "Inna, saura na fari," sai ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da yanka. Na sake tambaya, ta yi shiru. Na ce a raina, Allah sarki, ya rasu. Na tambaya ko namiji ne, ta gyaɗa kai, na soke alamarsa da jan biro, har ina yaba wa kaina da ban fama mata ciwo ba.

Bayan mako biyu na koma da takardar, na shimfiɗa ta a tabarma don a ga gwanintata. Ƙanwar mijinta ma tana nan. Inna ta bi 'ya'yanta da yatsa ɗaya bayan ɗaya, tana dariya wai na mayar da su ƙwai da tukwane. Sai yatsan ya tsaya.

"'Yar nan, wannan jan fa?"

"Alamar wanda ya rasu ce, Inna."

Wuƙar ta faɗi daga hannunta. Ƙanwar mijin ta dafe ƙirji tana salati, ta ce, "Malama, wa ya gaya miki? A birni kika ji?"

Kaina ya ɗaure. Da kyar na gane abin da ake ciki: ɗan yana da rai, aƙalla iya saninsu. Ya bi motar tumatir zuwa Ikko, kwana arba'in ke nan babu labarinsa, alhali bai saba wuce kwana goma ba. Shirun da Inna ta yi mini kuwa kunyar ɗan fari ce, tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Na san wannan al'ada sarai, na ma rubuta ta a jarrabawa na ci maki. Da ta zauna a gabana da ranta, ban gane ta ba. Na rasa inda zan sa kaina.

Na yi ta rantsuwa cewa kuskurena ne, ban ji komai daga kowa ba. Inna ba ta yarda ba. A wurinta, mai ilimi daga jami'a ba ta rubuta abu haka kawai, sai dai ina ɓoye mata ne don tausayi. Na yaga takardar a gabanta, na zana sabuwa, hakan bai kwantar mata da hankali ba.

Ta kama hannuna da hannunta mai ruwan tumatir, ta matso kusa. Wai ƙila na ruɗa shi da ɗan wani ne, tunda ba ta ba ni sunan ba. Sai ta faɗi sunansa a fili, sau biyu, a gaban ƙanwar mijinta, ta ce, "Ki duba littafinki da kyau, 'yar nan. Shi ne aka ce miki?"