Garin Alli a Kan Baƙar Jita

Jita ɗaya a cikin jakarta. Sanfefa mai laushi, an yayyanka ta ƙanana. Tsumma. 'Yar wuƙa. Ƙullin garin alli. Abin da ke hannun Mai Sheƙi ke nan a kujerar baya ta motar haya, ya rungume jitar tsakanin gwiwoyinsa kamar mai kai mara lafiya asibiti. Kwandasta ya ce a ɗora ta a sama. Mai Sheƙi ya ce in dai za a ɗora ta, sai a haɗa da shi. Gidan wani tsoho za shi, zai je ya ɓata aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwarsa.

Mai Sheƙi laƙabi ne. Makaɗa suka sa masa, har matarsa ta ɗauka. Sana'arsa fentin jitar lantarki, kuma ya haura shekara talatin yana yi. Shagonsa ɗaki biyu ne a bayan layin masu walda: na gaba mai teburi da jitoci a rataye, da na ciki inda yake feshi, wanda ba mai shiga da takalmi. Kullum da safe yakan yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ya ɗaure hanci, ya fesa. Ya jira ya bushe, ya goge da sanfefa da ruwa, ya sake fesawa. Sai ya ga fuskarsa a jikin jita har da furfurar gemunsa, sannan ya yarda ta gamu.

'Yan shekarun nan wani yayi ya shigo. Samari sukan kawo jita sabuwa dal su ce a tsufar da ita: a kankare gefe, a ƙwarzane baya, a dusashe fenti, ta yi kama da wadda ta sha duniya. A ƙasashen da ake ƙera jita, tun daga masana'anta ake yin haka, kuma masu so suna da hujjarsu. Sukan ce sabuwa mai ƙyalli tana sa mutum ɗari-ɗari, wuyanta ma yana kama tafin hannu idan gumi ya zo. Mai Sheƙi bai taɓa yarda ba.

"Je ka kaɗa ta shekara ashirin, za ta tsufa da kanta," yakan ce. "Furfurar aro ba ta sa a ce da kai Baba."

Ana nan wata ma'aikaciyar jinya ta kawo masa jitar mahaifinta. Tsohon makaɗi ne, ya yi zamani a wuraren biki, yanzu idonsa ya tafi. Yana kwance a asibiti, tana so in an sallame shi ya tarar da abin farin ciki. Jitar baƙa ce a dā. Fentin ya cinye a inda hannu ke goga, bayan wuyan ya zama itace tsura, ga wani ɗan gurbi a gefe kamar ɓera ya gatsa.

"Wa ya wulaƙanta baiwar Allah haka?" in ji Mai Sheƙi.

"Baba, mahaifina ne. Ba ya gani yanzu. Ko bai gani ba, ina so mutane su gan shi da abu mai kyau."

Ya ji wannan da kunnensa. Amma hankalinsa yana kan itacen, don ya daɗe bai taɓa mai kyau irinsa ba. Ya kankare ta tas, ya cike gurbin, ya daidaita wuyan, ya yi mata baƙin fenti mai sheƙi kamar ruwan rijiya. Mai waldan da ke maƙwabtaka da shi ya ce ranar da ta gamu, Mai Sheƙi ya kira shi ya zo ya gani, abin da bai taɓa yi ba.

Ba a rufa mako ba matar ta dawo da ita. Ta ajiye a kan teburi, ba ta zauna ba.

"Ya ce ba tasa ba ce."

"Ita ce mana, 'yata. Ko tsirkiya ban canja ba."

"Ya shafa ta daga sama har ƙasa. Ya kai hannu ya kuskure, ya sake kaiwa ya kuskure. Sai ya miƙo mini ya ce in mayar wa masu ita. Tun ranar bai ci abin kirki ba, ba ya kuma fitowa tsakar gida." Ta sunkuyar da kai. "Laifina ne."

Mai Sheƙi bai bar mata laifin ba. Ita ba sana'arta ba ce. Shi ne ya san cewa babban yatsa yana yi wa kansa mazauni a bayan wuyan jita, kuma wanda ba ya gani da wannan mazaunin yake gane inda yake. Iyakar fentin da ya cinye, da ɗan gurbin nan, su ne idon tsohon. Shi kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya shafe. Mai waldan ya ce yini guda bai ji ƙarar feshi ba. Da ya leƙa, ya tarar da shi zaune yana kallon fuskarsa a jikin jitar.

Shi ne mafarin tafiyar nan a motar haya.

Ya tarar da tsohon a bakin gado, hannuwa a kan cinya, lasifikarsa a lungu an lulluɓe ta da zane.

"Kai ne ka yi wa matata kwalliya har na kasa gane ta?"

"Ni ne, Yaya."

"An ce ta yi kyau. Barka da aiki."

Da zagi ya yi masa da ya fi sauƙi. Mai Sheƙi ya durƙusa ya kwance ƙullin alli. Ya nemi izini, ya shafa garin a babban yatsan tsohon, da tafin hannunsa na hagu, da damtsensa na dama. Ya ɗora masa jitar a cinya.

"Kaɗa, Yaya."

"In kaɗa me? Ban san inda nake ba."

"Kaɗa kuskuren. Hannun ya san inda yake so, ni ne ban sani ba."

Tsohon ya kaɗa, abin ba daɗin ji. Amma da aka karɓi jitar, ga farin alli a kan baƙin fenti, duk inda hannu ya bi ya bar sawu. Nan Mai Sheƙi ya sa sanfefa. Ya ci sheƙin da ya ɓata makonni yana ginawa, kaɗan-kaɗan, ya goge, ya sake shafa alli, ya sake miƙawa. Akwai wuri guda a gefen wuyan da ɗan yatsan tsohon yake ta komawa yana lalube. Nan ya sa bakin wuƙa ya tono gurbin da ya cike da hannunsa.

Ba yini ɗaya aka yi ba. Ya yi ta zuwa har kwandastocin layin suka daina yi masa maganar kaya. 'Yar tsohon takan kawo shayi ta koma bakin ƙofa, ita da Mai Sheƙi ba mai iya haɗa ido da wani. Tsohon ne kaɗai yake samun abin dariya.

"Yi a hankali, Mai Sheƙi. Ni shekara arba'in na yi kafin in lalata ta haka."

Ranar ƙarshe tsohon ya ce a yaye zanen lasifika. Ya kaɗa waƙa guda daga farko har ƙarshe, hannu bai ɓata ba. Ya daɗe yana shafa wuyan.

"Ba ita ba ce," ya ce. "Ƙanwarta ce. Amma za mu saba."

Ya kuma ce a kawo masa abinci.

Mai Sheƙi, ba don ba ka kuskure ake jinjina maka ba. Ka yi, kuma babba. Kai ne wanda aka miƙa wa hanyar tsira, mai kaya da bakinta ta ce laifinta ne, ka ƙi karɓa. Kai ne ka durƙusa gaban wanda ka cuta ka rushe gwanintarka a gabansa, alhali ba zai ga ko ɗaya ba. Gwani mai cin gyaran kansa. Mu da muke wucewa ta ƙofar shagonka muna toshe hanci saboda warin fenti, ba mu taɓa tambayar wane ne a ciki ba, kuma da kunya muke faɗa. Mun gode. Duk wanda aka damƙa wa kayan wani, tela ne ko magini ko likita, ya dubi wannan: kafin ka gyara, tambayi abin da tabon yake yi wa mai shi.

Labari ya bazu, kamar yadda ya saba. Kwanan baya wani mai shagon kayan kiɗa ya zo da sababbin jitoci cike da bayan mota, ya ce ya ji yanzu Mai Sheƙi ya iya tsufarwa.

"Ina masu kaɗa su?"

"Ai ba a saya ba tukuna, Baba."

"To hannun wa zan shafa wa alli?"

Mutumin ya tsaya da jita a hannu yana jiran ƙarin bayani. Mai Sheƙi ya tashi ya jawo ƙofar ɗakin feshi, ya rufe.

"Mai sheƙi ko maras sheƙi," ya ce, "ba na ƙara taɓa jitar da ban ga hannun mai ita ba."